Baba da Hamma Ubaidu a Kaset Ɗaya

Birik, Yawunde
5 ga Yuni, 1994

Zuwa ga Adda Karima,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigida da yara. Mu nan lafiya lau, sai lakiriz, wato rashin kuɗin nan, da ta hana kowa sakat. Baba yana nan, idon ne dai ke ƙara ja da baya, amma har yanzu yana fita rumfar nama ya zauna ya yi wa masu yanka faɗa. Wana Hamma Ubaidu yana shagonsa na ƙofar gida yana fama da keken ɗinki. Matarsa Salamatu da yara suna gaishe ki.

Kin san tun da aka sallame mu daga aikin ofis, kamarar nan ce abincina. To tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, mutanen Birik suka gano ashe ana iya ɗaura aure ba tare da an ɗauke shi a kaset ba, kuma auren ya ɗauru. Wata biyu ke nan ban ɗauki biki ba. Zaman banza ya sa nake wuni a bidiyo kulob ɗin Alim, inda yake nuna finafinan ban tsoro na Turawa bayan la'asar. Adda, na kalla har na haddace su. Gida ɗaya ne, mutum huɗu ko biyar, uwa ba ta son 'yarta, uba yana ɓoye wani abu, shi ke nan mutane na ta ƙanƙame benci. Na ce wannan ai ba ya cin kuɗi, gida kuwa muna da shi.

Saboda haka ƙaninki yana yin fim. Labarin wani mutum ne a cikin gidansu. Yana sallama ba a amsawa, yana gaida ubansa uban na kallon bango, har ya fara tunanin ko mutuwa ya yi aka manta ba a gaya masa ba. Ba aljani, ba jini, duk da jinin zan iya samu kyauta a rumfar Baba.

Ga alfarmar da nake nema. Ina buƙatar dattijon da ya iya zama bai kalli mutum ba, kuma kin san duk Birik ba wanda ya kai Baba iyawa. Amma in ya ji kalmar fim zai jefe ni da buta. Sai na ce masa ke kika roƙa a ɗauko miki shi a kaset don jikokinsa su riƙa ganinsa. Ya sa farar babbar rigarsa, ya zauna mini kwana uku a jere, yana jan carbi, yana cin tuwo, yana kau da kai. In ya aiko yana tambaya, don Allah ki ce e, ke kika ce. Abokinsa Haman mai safarar shanu ne zai kawo miki takardar nan, kada ki karanta a gabansa.

Ki gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki mai biyayya,
Shamsuddin

*

Ngawundare
14 ga Yuni, 1994

Shamsu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, muna lafiya, yara suna gaida kawunsu. Mai biyayyar da ka rubuta a ƙasa, ban san wa kake yi wa ba.

Ka faɗa mini wanda ya fito a uba, amma ka yi tsalle ka wuce wanda ya fito a ɗan da ba a amsa wa sallama. Kana tsammanin ban san gidan da aka haife ni ba? Ubaidu ne, ko ba shi ba? Ka rubuto mini da hannunka.

Kai kana aji shida lokacin da Inna ta rasu, bari in tuna maka abin da kake wasa da shi. Baba yana nan gidana ranar, ya zo sayen shanu. Da hantsi aka kira shi a telefon ɗin wani kanti a kasuwa. Ya ce a sa ta a firjin asibiti, a jira shi, gobe yana hanya. Malaman unguwa suka ce ba a ajiye Musulmi, wannan al'adar maƙwabtanmu ce. Kowa ya juya yana kallon Ubaidu, shi ne babban namiji, shekararsa ashirin da huɗu. Ya ce a kai ta. Bayan la'asar aka binne ta. Ni da Baba muka shiga jirgin ƙasa tare, muka sauka lagar, tashar jirgin Yawunde, washegari da azahar, muka tarar ana karɓar gaisuwa. Baba ya shiga gida ya wuce Ubaidu kamar ya wuce turmi. Yau shekara tara ke nan. Famfo ɗaya, masallaci ɗaya, matarsa ke dafa wa Baba abinci, amma ko barka da asuba ba ta taɓa haɗa su ba.

Ni ma ban ga fuskar Inna ba, kuma na yi kukana na haƙura, don na san Ubaidu bai yi laifi ba. Liman ya shiga maganar, kawunnai sun shiga, ni na durƙusa har gwiwata ta yi kanta. Abu ɗaya ya rage mana: Baba bai taɓa yi masa baki ba. Shiru kawai yake yi, kuma muddin shiru ne ina sa rai. Ranar da ya ji an sa shi a wasa tare da Ubaidu, zai ɗauka haɗa baki aka yi don a kunyata shi a unguwa, kuma in ya buɗe bakin nan ya furta abin da ba ya janyuwa, kai ka jawo. Ga shi tsufa ya kama shi. Tsorona kullum kada ya tafi a haka.

Ba zan ƙaryata ka a gaban Haman ba, don ba na son maganar ta bi jirgi. Amma ka cire sunana daga shirmenka, ka cire Baba. Ka nemi wani tsoho, Birik ba ta rasa tsofaffi marasa aikin yi ba.

Ka gaida Salamatu, ka ce na ga turaren da ta aiko, na gode.

Addarka,
Karimatu

*

Birik, Yawunde
3 ga Yuli, 1994

Adda Karima,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

E, Hamma Ubaidu ne. Kuma takardarki ta iso bayan na gama aikin. Ban ce da ta zo da wuri zan ji maganarki ba, amma dai ta makara.

Bari in yi miki bayanin yadda muke yi, don ki gane abin da ya faru. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Baba na ɗauka da safe a ɗakinsa. Hamma na ɗauka da rana, lokacin da Baba yake rumfa. Shi ce masa na yi wani dattijo daga unguwar Nkomkana ne zai fito a uban, daga baya zan ɗauke shi. Ya ƙi shiga ɗakin Baba, ya yarda dai ya durƙusa a bakin ƙofa. Sannan na kai kaset biyu wurin Alim, muka jona manyeto, wato na'urar bidiyo, guda biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na ɗauka. Ka sa Hamma yana magana, ka tsayar, ka sa fuskar Baba, ka tsayar. In an kalla a tele sai a rantse suna fuskantar juna.

A fitowar ƙarshe abin da na rubuta wa Hamma kalma uku ne: “Baba, ga ni.” Ya faɗa. Sai bai tashi ba. Yana kallon tabarmar Baba babu kowa a kai, ya ci gaba da magana. Ya ce, “Na tsaya a ƙofar asibiti tun hantsi, kowa na ce mini yi kaza. Na duba ko akwai wanda ya girme ni a gidanmu, babu. Da na sa ta a firji da ka ce na wulaƙanta ta. Ni na shiga ramin na karɓe ta. Ba ta da nauyi, Baba.” Ya yi kusan minti huɗu. Ban kashe kamara ba. Na san ya kamata in kashe.

Shi kuma Baba, ranar da nake ɗaukarsa na ce ya ba jikoki labarin kakarsu.  Ya ɗaga kai ya kalli ƙofa, idonsa ya ciko, ya ɗaga hannu yana nufin in dakata. Wannan na ɗora bayan maganar Hamma. A tele sai ya zama kamar kiransa yake yi.

A labarina, ma'anar wurin ita ce tsohon ya mutu, shi ya sa a ƙarshe ya iya ganin ɗansa. Har na sa hoton carbi yashe a tabarma da kwanon tuwo a rufe don a gane. Nan ne ya kamata tsigar jikin mutane ta tashi.

Jumma'a bayan la'asar muka nuna. Bencuna suka cika, wasu a tsaye. Adda, ba wanda ya ji tsoro ko na anini. Tun farko suke kiran suna: “Ga Alhaji Mohaman! Ga Ubaidu tela!” Da aka zo ƙarshe sai wani mahauci ya yi kabbara, kowa ya ɗauka. Na hau benci ina cewa jama'a fim ne, montaj ne, haɗa hotunan na yi, ba a ɗaki ɗaya suke ba. Wani ya ce mini, “Kai yaro rufa mana baki, da idonmu muka gani.”

Tun jiya ake shigo mana da masa da goro. A rumfa ana ta yi wa Baba barka, yana amsa madalla, bai san ta mece ce ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Hamma ya gane tun daga barkar farko. Ya rufe shago, ya shige ɗaki, ko kallona ba ya yi.

Ban san abin da zan yi ba. Ki yi mini faɗa, amma ki haɗa da shawara.

Ƙaninki,
Shamsu

*

Ngawundare
9 ga Yuli, 1994

Shamsu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in ban da abin da ka ƙunsa mini.

Labarinka ya riga takardarka isowa da kwana biyu. Masu shanu suka sauka daga jirgi suka wuto gidana, ko wanka ba su yi ba, suka ce in ba da goron albishir, Alhaji da Ubaidu sun shirya, an ma ɗauka a kaset. Na yi sujada a tsakar gida. Na jiƙa gero na yi kunun sadaka, na raba har bayan layinmu. Kwana biyu ina yawo da wani sauƙi a ƙirjina wanda rabona da shi tun Inna tana raye. Sai ga takardarka. Na karanta sau biyu, na shiga madafa na yi kuka, ban kuma iya gaya wa maƙwabta su dawo mini da kununa ba.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba. Kuma duk da haka na ɓoye takardar, don maganar da Ubaidu ya yi ban taɓa jin ta daga bakinsa ba. Ban san shi ya shiga ramin ba.

Shawara kake so, ga ta. Kada ka bari Baba ya ji a bakin wani. Ka je da ƙafarka, ka durƙusa, ka faɗa masa tun daga ƙaryar da ka yi da sunana. Ka fara da cewa Ubaidu bai sani ba, ka ƙare da cewa Ubaidu bai sani ba. In zai yi baki, ya yi maka, kai ka saya. Kada ka wuce ranar da takardar nan ta same ka.

Da zan iya da na taho, amma ƙaramar tana fama da ƙyanda.

Karimatu

*

Birik, Yawunde
17 ga Yuli, 1994

Adda,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya.

Ban kai ga zuwa da ƙafata ba, shi ya kira ni. Liman ne ya tare shi bayan azahar ranar Litinin, ya riƙe hannunsa a gaban mutane, ya ce ya ji daɗin abin da aka gaya masa, Allah ya saka wa uban da ya haɗiye fushi. Baba ya dawo gida ya aiko a kira ni. Na faɗa masa komai kamar yadda kika ce, na sa Hamma a farko na sa shi a ƙarshe. Na sunkuyar da kai ina jiran saukar abin da zai sauka. Sai ya ce, “Ina kaset ɗin?” Na ce yana wurin Alim. Ya ce, “Gobe da hantsi. Kada in ga kowa a wurin.”

Talata Alim ya share kulob ɗin kamar za a yi baƙon gwamna. Baba bai taɓa taka wurin ba, ya tsaya a ƙofa ya tofa addu'a sannan ya shiga. Saboda idonsa sai da muka ja masa kujera har gaban tele, hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Fim ɗin minti hamsin ne. Ya kalli Hamma yana sallama ba a amsawa, ya kalli kansa yana cin tuwo yana kau da kai. Sau ɗaya ya yi magana a tsakiya, ya ce, “Haka nake zama?” 

Da aka zo wurin da Hamma ya durƙusa, ya saurara har ƙarshe, ya ce a mayar. Alim ya mayar. Ya sake cewa a mayar. Sau uku. Sannan ya bari ya ƙare.

Ya daɗe yana kallon tele tana shuuu. Sai ya ce, bai juyo ba, “Carbin nan da ka nuna a tabarma. Tsohon mutuwa ya yi ke nan?” Na ce e, Baba. Ya ce, “Sai da ya mutu sannan ya ga yaron.” Na ce haka labarin yake, Baba, labari ne kawai. Adda, mutum sama da ɗari biyu suka kalli fim ɗin nan, shi kaɗai ya gane shi, kuma shi kaɗai na ga ya tsorata.  Abin da na yi fim ɗin dominsa ke nan, amma da na gani ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Ya miƙa hannu, Alim ya ciro kaset ya ba shi, ya zura a aljihun babbar riga. Muka tako gida. Bai yi mini baki ba, bai yi wa Hamma ba. Yau kwana biyar bai fita rumfa ba, kuma Salamatu ta ce kwanon yana dawowa kusan yadda ta kai shi.

Ga abin da ya fi damuna. Hamma ya ce ba zai iya zama unguwar da kowa ya ji cikinsa ba, kuma ya tabbata Baba yana ganin shi ya shirya abin. Ya sami ɗaki da shago a Nkomkana. Ya fara ɗaure kaya, Asabar mai zuwa za su tashi. Na je in ba shi haƙuri ya rufe ƙofa. In ya bar gidan nan kin san ba zai dawo ba, kuma Baba ba zai aika a kira shi ba. Shekara tara suna gaba amma suna jin tarin juna ta bango. Yanzu wannan ɗin ma na raba su da shi.

Ki rubuta masa, ke yana jin maganarki. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Shamsu

*

Birik, Yawunde
22 ga Yuli, 1994

Adda Karima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida. Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi. Na ga takardarki, na gode. Kin san ban iya dogon rubutu ba.

Ba mu tashi ba.

Jiya bayan azahar ina cire kan keken ɗinki daga teburinsa, sai inuwa ta tare ƙofar shago. Baba ne da sandarsa. Ya ce, “Sa takalminka ka nuna mini inda ka sa ta.” Ashe bai taɓa zuwa ba. A gidanmu ni kaɗai na san kabarin Inna, kuma ba zai tambaye ni ba.

Muka shiga taksi. Maƙabartar ta cika, ruwan sama ya baje komai. Na ce, Baba, tsakanin nan da nan ne, ba zan iya rantsewa ba. Ya ce mu tsaya a tsakiya. Muka yi addu'a. Ya daɗe.

A hanyar dawowa ya tambaye ni ko ta kira sunansa. Na ce ta kira sau biyu, tana tambaya ko ka dawo daga arewa. Ya ce me ya hana in gaya masa tuntuni. Na ce ba ka tambaya ba, Baba. Ya ce haka ne.

Ki gaida yara. Allah ya jiƙan Inna.

Ƙaninki,
Ubaidullahi